Daga Shisha zuwa idon guguwa

Mun bar gida ana idar da sallar asuba, fitilun titin unguwarmu ta Shisha, a Makka, ba su mutu ba tukuna. Baba ne ya kai ni ƙofar makaranta, domin Abla, malamarmu ta kimiyya, ta yi mako guda tana jaddada mana cewa bas ba zai jira kowa ba. Ajinmu ne kaɗai zai je Jidda, ziyarar ofishin masu hasashen yanayi, mu ga na'urar nan da ake kira radar. 'Yan'uwana na Kano da Maraɗi da kuka dame ni in ba ku labarin tafiyar, ga yadda ta kasance.

Kafin mu hau hanya akwai abin da ya kamata ku sani. Babban yayanmu watansa huɗu ke nan a ƙasar Oman, a wani ƙaramin gari na bakin teku, yana kula da injinan sanyi a wani sito da ake ajiye kifi. Kwana biyu ana ta cewa mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta nufo wajensu. Da safen nan, ina ɗaura igiyar takalmi, Umma ta kunna saƙon murya da ya turo.

"Umma, kar ki tayar da hankalinki. An ce kowa ya zauna a gida, kuma ina gida. Ginin siminti ne, hawa na biyu nake. An dai ɗauke wuta tun jiya. Da zarar ruwan ya ɗauke zan leƙa sito in tayar da janareta, kar kifin mutane ya lalace."

Umma ta kai wayar bakinta ta amsa masa: "To, Allah ya tsare. In ya ɗauke ka je ka dawo da wuri."

Babu wanda ya ga aibin wannan magana, har ni. Mu mutanen Makka haka muka san ruwan sama. Yakan yi watanni bai zo ba. Ranar da ya zo kuwa da fushi yake zuwa, ya gangaro daga kan duwatsu, ya cika titi, ya kwashi kwandunan shara ya tafi da su. Amma kafin shinkafa ta nuna a tukunya ya ɗauke, kuma in ya ɗauke ya ƙare ke nan. Sai kowa ya fito. Mata su share ruwan da ya shigo ta ƙasan ƙofa, maza su je duba motocinsu. Mu kuma Baba kan kwashe mu da filas ɗin shayi zuwa wajen Muzdalifa, mu kalli duwatsu sun yi baƙi wuluk suna sheƙi. Kakata, wadda ta yi shekaru a unguwar Nakkasa kafin a rushe gidansu, takan ce a unguwarsu ba a ma jiran ɗigon ƙarshe, ana jin ya sassauta ake fitowa da tsintsiya. Da wannan sanin Yaya ya tafi bakin teku.

A ƙofar bas Abla ta tsaya da wata jakar leda ta shagon turare, kowacce ta jefa wayarta a ciki, sai an dawo. Na samu kujerar taga a can baya, inda na fi so, domin a nan ba mai tambayar mutum komai. Ƙawata ta zauna kusa da ni. Iyayenta ta Chadi suka zo, kuma duk ajinmu babu mai surutunta. Shi ya sa zamanmu yake daɗi: ita ta yi magana, ni in saurara.

Na sha bin hanyar Jidda, amma ban taɓa bin ta da sassafe haka ba. A ɗaya hannun titin bas-bas ne jere, cike da masu umra da suka sauka daga jirgi. Maza cikin harami fari fat, wasu sun jingina kai da gilashi suna barci baki buɗe, wasu na gani leɓensu yana motsi. Wani tsoho ya riƙe fasfonsa a ƙirji da hannu biyu, alhali barci yake. Muka wuce ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai siffar buɗaɗɗen Alƙur'ani. Daga nan duwatsu suka fara gajarta, ƙasa ta fara buɗewa, sai ga raƙuma a bayan shingen waya suna kallon motoci kamar su ne masu duba takardu. Jirgin ƙasa mai sauri ya zo ta gefe ya wuce mu, direbanmu ya bi shi da harara.

A Bahra muka tsaya karin kumallo. Direba ya sauka ya dawo da tamis mai zafi, gurasar nan faffaɗa da ake mannawa a jikin tanda, da ful, wato dafaffen wake, a ƙananan robobi, mai yana yawo a samansa. Ta taga na hango mai gasa tamis ɗin. Hannunsa na dama, wanda yake zurawa cikin tanda, babu gashi ko ɗaya har gwiwar hannu. Shayi da madara riyal biyu ne kofi, ƙawata ta ce a Shisha riyal ɗaya ne kuma ya fi wannan kauri, amma kofi biyu ta sha.

Jidda ta tarbe mu yadda ta saba. Ana buɗe ƙofar bas tabarauna suka yi hazo, abaya ta manne mini a baya. Zafin Makka busasshe ne, na Jidda kuwa kamar an rufa wa mutum jiƙaƙƙen tawul. Sai da na goge tabarau sannan na ga abin da muka zo gani: wata doguwar hasumiya ta ƙarfe, a kanta ƙatuwar ƙubba fara, zagayayya kamar ƙwallo, an haɗa ta da gutsattsarin allo masu kusurwa-kusurwa.

Wani dattijo mai kula da injin ne ya zagaya da mu gindin hasumiyar. Ya ce ƙubbar riga ce kawai, tana kare abin da ke ciki daga iska da gishirin teku. A ciki akwai faranti irin na setilayit, amma wanda ya fi mota girma, yana juyawa dare da rana. In ya kammala zagaye ɗaya sai ya ɗan ɗaga kai ya sake wani, har ya leƙa sama hawa-hawa, sannan ya sunkuyo ya faro daga ƙasa. Ba a shiga ciki sai an kashe shi. Ƙawata ta raɗa mini da Hausa cewa ita dai ƙwan jimina take gani a kan sanda. Dattijon, wanda tun ɗazu Larabci yake yi, ya juyo ya ce da Hausar Sakkwato, "Ɗiyata, jiminar da ta saka wanga ƙwai, ki yi addu'a kar ta dawo nemanai." Ƙawata ta yi shiru har muka shiga gini. Ban taɓa ganin haka ba.

Ɗakin aikin sanyi ƙalau, babu taga ko ɗaya, abin da ya ba ni mamaki ga mutanen da aikinsu kallon sama ne. Bango guda allunan kwamfuta ne. Matar da ta karɓe mu kowa a wajen Muhandisa yake ce mata, wato injiniya. Gajeruwa ce, da takalmin gudu a ƙarƙashin abaya, tabarau rataye a wuya da igiya. A kan teburinta na ƙirga kofunan shayi uku, babu wanda aka sha rabinsa.

"Kun zo ranar da ba mu da lokacinku," ta ce, "amma kuma ranar da ta fi dacewa ku zo. Ku matso."

Ta ce mu ɗauki radar kamar mutumin da ya tsaya tsakanin duwatsu ya yi kira, yana sauraron amsa-kuwwa. Farantin nan yana harba sigina irin ta rediyo. In ta ci karo da ɗigon ruwa a sama, kaɗan daga cikinta ya dawo. Daga daɗewar da ta yi kafin ta dawo ake sanin nisan ruwan, daga ƙarfin abin da ya dawo kuma ake sanin yawansa. Sai kwamfuta ta mayar da wannan launi: shuɗi da kore yayyafi ne, rawaya ruwa ne sosai, ja kuwa shi ne ruwan da direba ba ya ganin gaban motarsa.

Allon Jidda babu komai a kansa ranar, sai zanen gaɓar teku. Ta ce radar ɗinsu ba ya hango nesa sosai, domin duniya a lanƙwashe take, siginar kuwa miƙewa take yi, in ta yi nisa sai ta bi ta saman hadari. Muddin guguwa tana tsakiyar teku, tauraron ɗan'adam ne ke bin ta, shi kuma daga sama yake kallo, kamar mai kallon tukunya a rufe: yana ganin murfi, bai san yadda cikin yake tafasa ba. Sai ta matso kusa da ƙasa radar yake buɗe murfin. Suna bin wannan guguwar ne domin ragowarta kan iya kawo ruwa kudancin ƙasarmu, kuma abokan aikinsu na can suna nuna musu abin da nasu radar ɗin yake gani.

Ta danna wani abu, babban allo ya canja.

Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro lokaci guda irin wannan ba. Layukan hadari kore da rawaya sun lanƙwaso daga nesa, suna naɗewa, suna matsewa, har suka haɗu a wani zobe ja. A tsakiyar zoben akwai rami baƙi, zagayayye tsaf kamar an huda shi da bakin kofi. Ta haɗa hotunan awannin baya ta sake su a jere, sai abin duka ya kama juyawa, yana kuma rarrafawa zuwa gaɓa a hankali.

Wata a gaba ta ce, "Muhandisa, ai yadda ake ɗawafi take juyawa."

"A wannan rabin duniyar, haka ne," Muhandisa ta ce. "A rabin kudu ɗaya gefen take bi. Saboda haka kar ki yi saurin kai wa limamin unguwarku labari." Har Abla sai da ta yi dariya.

Ramin nan shi ake kira ido, zoben ja kuma katangar ido. A katangar iska ta fi ƙarfi, ruwa ya fi yawa. Ta ja layi a kan hoton, kwamfuta ta yanka guguwar kamar kankana ta nuna mana cikinta daga gefe: hadari ya tashi tsaye dama da hagu kamar dogayen benaye, saman kowanne ya ɗan kwanta baya, tsakiya kuma wayam. Ta ce idan zoben ya rufe ruf, ya matse, guguwar tana da ƙarfinta. Idan ya ɓalle ta gefe ɗaya, ta fara gajiya. Ta bi zoben da bayan biro tana neman inda ya ɓalle. Babu.

Sai ta tambaye mu yadda jiniyar motar asibiti take yi a lokacin Hajji. Wannan kowa ya sani: in tana tahowa muryarta siririya ce, tana wuce mutum sai ta yi kauri. Ta ce haka siginar radar take. Ɗigon da iska ke korowa wajen farantin da wanda take korawa nesa ba sa dawo da ita iri ɗaya, kuma daga bambancin ake lissafa gudun iskar. Ta nuna mana wani hoton, gefe guda kore shar, gefe guda ja zur, sun haɗa kafaɗa a bakin idon. Mace tana zaune a kujera, shayinta yana hucewa, tana auna iskar da babu mai iya tsayawa a cikinta. Ni dai na kasa ɗauke ido daga hannunta.

"To, wa zai gaya mini," ta ce, "mutumin da idon nan ya bi ta kan gidansa, me zai gani?"

Aka yi ta cinta. Wata ta ce duhu, wata ta ce ƙanƙara.

"Ruwa zai ɗauke," ta ce. "Iska ta kwanta. Wani lokaci har rana ta leƙo. Zai rantse an gama. Amma rabi kawai ya gani, ɗaya gefen katangar yana tafe, kuma iskar za ta dawo ne ta inda ba ta fito ɗazu ba. Duk abin da rabin farko ya sassauta, na biyu ne yake cire shi. Mutanen bakin teku sun san wannan tun suna yara. Baƙi ne suke fita."

Muryar Yaya ce kawai a kunnena: da zarar ruwan ya ɗauke zan leƙa sito.

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Na ɗaga shi zuwa kafaɗa, wata ta riga ni da tambaya a kan ko mata suna aikin dare a wajen, na sauke. Na sake ɗagawa, Abla ta tafa hannu ta ce mu wuce ɗaki na gaba, inda za a nuna mana balan-balan da ake sakewa sama. Aji ya fita. Na tsaya a gaban allon ina neman sunan garin Yaya a bakin gaɓar, haruffan ƙanana ne, kuma idona ya cika da ruwa.

"Kin rasa wani abu ne, 'yata?" Muhandisa ce, ta riga ta zauna ta juya ga aikinta.

Na faɗi sunan garin. Sai da ta ce in maimaita, don ba ta ji ba. Na ce yayana yana can, kuma ya ce in ruwa ya ɗauke zai fita.

Ta ɗora tabaranta a hanci ta dube ni. "Ɗan ina ne?"

"Ɗan Makka."

"Watansa nawa a can?"

"Huɗu."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta jawo mini kujera da ƙafa, ta faɗaɗa taswirar, ta sa ɗigo fari a kan garin. Layin hadari rawaya yana kansa a lokacin, jan zoben kuwa yana teku, bai kai tsawon yatsana ba daga ɗigon. Ta mayar da hotunan baya, ta sake su gaba, sau uku, tana bin tsakiyar idon da biro.

"Zan gaya miki abin da na sani da wanda ban sani ba," ta ce. "In ta ci gaba a haka, katangar farko za ta same su wajen azahar. Ko idon zai bi ta kansu, ban sani ba, domin ido yana tangaɗi, yakan kauce. In ya bi, tsawon shirun ma ban sani ba, ya danganta da faɗinsa da saurin tafiyarta. Zai iya kai rabin awa, zai iya gazawa. Abin da na sani shi ne bai isa a je sito a dawo ba. Ina wayarki?"

Na ce tana bas, a jakar Abla. Daidai nan Abla ta leƙo tana nemana, fuskarta ɗauke da faɗan da ta shirya. Muhandisa ta yi mata bayani cikin jimla biyu. Abla, wadda ba ta yarda a yi gudu ko a filin wasa, ta tattare abayarta ta fita da gudu. Ta dawo tana haki da jakar gaba ɗaya, ta zazzage wayoyi ashirin da wani abu a kan teburin mutane.

Na kira sau uku, ba ta shiga ba. Na ɗaga wayar zan ɗauki hoton allon in tura masa, Muhandisa ta dafa hannuna.

"Hoto ba zai wuce ba, murya ma haka. A irin wannan rana layi numfashi yake yi, ya zo ya tafi. Rubuta saƙo na waya zalla, gajere. Shi yakan jira a hanya, da ya samu ƙofa ya shige."

Ita ta faɗa da Larabci, ni na rubuta da Hausa, don ya san daga gida ne: "Yaya, ni ce. Ina ofishin yanayi, ina ganin guguwarku a radar. In ruwa ya ɗauke ba ƙarewa ya yi ba, tsakiyarta ce. Iska za ta dawo ta ɗaya gefen. Kar ka fita sai hukumar garin ta ce a fita." Na ƙara "don Allah" a ƙarshe. Ta ce in tura sau biyu, na tura sau huɗu.

"Ki je ki ga balan-balan," ta ce. "Kallon allon ba zai rage mata gudu ba. Na gwada." Kafin in kai ƙofa ta riga ta ɗauki wayar tebur tana magana da wani a kan ruwan kudu.

Abla ta bar mini wayata a hannu, ta kuma kalli sauran da idon da ya hana kowa cewa uffan. Balan-balan ɗin na gani, fari ne, ya fi ni tsawo, an ɗaura masa ƙaramin akwati, amma kar ku tambaye ni abin da aka ce a kansa.

Bayan azahar aka kai mu bakin teku cin abinci. Shinkafar sayadiyya ce mai ruwan ƙasa da soyayyen kifi, da miyar tsamiya a gefe. Ƙawata ta ce kifin ya fi na gidansu, kar in gaya wa mahaifiyarta. Tekun Jidda kwance yake lumui, yara suna jefa wa tsuntsaye gurasa, wani mutum yana barci a kan tabarma da hula a fuska. Na yi ta kallon ruwan ina mamakin yadda can wani gefen ƙasar nan tamu ta Larabawa irinsa ne ya tashi tsaye. Wayar tana kan cinyata. Ƙawata ba ta tambaye ni komai ba, ta dai cire wa kifina ƙaya ta turo mini.

A hanyar dawowa yawancin aji barci suka yi. Muka yi la'asar a wani masallacin gefen hanya, inda ruwan famfo ya yi zafin da sai da muka tara shi a hannu muka jira. Duwatsu suka fara tsawo, na san mun kusa gida. Har yanzu babu amsa daga Yaya.

Na shiga gida ana kiran magariba. Umma tana kicin tana soya sambusa, ta tambaye ni yadda Jidda take ba tare da ta juyo ba. Na yi niyyar in yi shiru har sai an ji daga gare shi. Amma bayan salla na ɗauko takarda na zana mata zobe, na sa ɗigo a tsakiya, na gaya mata abin da Muhandisa ta ce. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Ni ce na ce masa ya je," ta ce.

Baba ya ce ba ita kaɗai ba, shi ma da an tambaye shi haka zai ce. Ba wanda ya taɓa sambusar. Ana shirin kiran isha'i wayata ta yi ƙara sau ɗaya. Kalma huɗu ce: "Na gani. Ina ciki." Umma ta karɓi wayar ta karanta da kanta, ta miƙa wa Baba, ta koma kan darduma.

Sai washegari da hantsi layi ya daidaita ya kira. Ya ce saƙon ya shigo tun ruwa yana dukan taga, ya karanta ya yi dariya, ya ce yarinyar nan an kai ta yawon makaranta kwana ɗaya ta dawo malama. Can sai komai ya tsaya. Rana ta fito. Ya sauko har ƙofar gini da makullin sito a hannu, ƙamshin ƙasa irin na gida bayan ruwa, ƙafarsa har ta taka titi. Abin da ya tsayar da shi, ya duba dama da hagu bai ga ɗan garin ko ɗaya ba. Tagogi a rufe, babu mai shara, babu yaro. Sai ya ciro wayar ya sake karantawa, ya koma sama. Bai gama shan ruwan da ya zuba a kofi ba iskar ta dawo ta bayan ginin. Da safe ya tarar da rufin kwanon rumfar motoci a naɗe a tsakiyar titin da yake bi zuwa sito.

"Kifin fa?" inji Baba.

"Rabi ya tafi. Maigidan ya ce da na fita, da ya kore ni ko da na dawo da rai." Sai ya ce a ba shi ni. "Ke, wa ya ba ki waya a makaranta?"

Na ce labari ne mai tsawo.

"To ki gaya wa matar nan na gode."

Ban san sunanta ba. Abla ta ce za ta kai saƙon, kuma ta ce in rubuta da hannuna.

Abin da na taho da shi daga Jidda ke nan. Ruwan garinmu ya koya mana hali ɗaya, mun ɗauka halin kowane ruwa ne, mun kuma ba ɗanmu shi guzuri zuwa inda ba ya aiki. Na ga kuma akwai mutane a ɗakin da babu taga, suna bin launuka a allo saboda waɗanda ba za su taɓa haɗuwa da su ba, kuma wadda ta fi kowa sani a cikinsu ita ce ta fi saurin cewa ban sani ba. Umma ta ɗauki hoton zoben da na zana ta tura wa duk 'yan Makka da ta sani suna aiki a bakin teku. Ta ce in yi musu bayani da murya, don wasu ba sa karatu. Sau shida na goge kafin na bakwai ya tafi.